Inda Kuɗi Ke Yini Ba Sa Kwana

Wata safiya cikin watan Maris, a bakin hanyar Hunƙuyi, na tsaya kusa da wani manomi da ya jera kwandunan tumatirinsa, kowanne an rufe bakinsa da takardar buhun siminti an ɗaure da igiya. Wajen ƙarfe bakwai dillali ya iso. Ya ɗaga murfin kwando guda, ya latsa 'ya'ya biyu da babban yatsa, ya cusa hannu can ƙasa ya zaro wani don ya ga ko na saman ne kaɗai masu kyau, sannan ya taya. Mai kaya ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "Albarka." Dillali bai ja zance ba, ya koma gindin mangwaro ya zauna a benci, ya kara waya a kunne.

Hantsi ya ɗaga, motar farko ta cika ta kama hanyar Kudu. Rana ta fara dukan kwanduna, ruwa ya soma tsattsafowa ta gindin na ƙarshe, ƙudaje suka sami wurin zama. Kafin sha ɗaya, manomin da ƙafarsa ya taka zuwa gindin mangwaron.

"Alhaji, zo ka kwasa a yadda ka taya."

"Haba Malam, ai wancan tayin safe ne. Yanzun nan aka bugo mini, kaya sun yi yawa a Legas. In ka ga za ka rage, to, a yi ciniki don kada ka koma gida da su."

Ya rage. Ina tsaye aka ƙirga masa kuɗinsa, aka zare la'ada, aka zare na 'yan lodi, ya ninke saura ya cusa a aljihun 'yar shara. Ban ga wanda ya yi wa wani ƙarya a wurin ba, wataƙila ma da gaske kaya sun yi yawa a Legas. Abu ɗaya ne ya raba su: dillali zai iya zama a inuwa har la'asar, tumatir kuwa ba zai iya ba.

Duk wanda yake son ya gane yadda ake zama da neman abinci a garuruwa irin su Kudan da Hunƙuyi da Maƙarfi da Ikara, daga wannan benci ya kamata ya fara. Ana yawan cewa rashin jari ne ke damun ƙananan garuruwanmu, wasu marasa ta-ido ma su ce lalaci ne. Wanda ya taɓa ganin mutanen yankin nan cikin fadama da asubar hunturu, ruwa har idon sawu, ba zai sake kawo zancen lalaci ba. Kuɗi kuma suna shigowa, ba kaɗan ba. Abin da ke akwai shi ne, kusan duk abin da ƙasar nan ta fi iya fitarwa, rake ne ko tumatir ko tattasai ko attaruhu ko inabin da ya shigo kwanan nan, kaya ne da ba su san jira ba. Mai irin wannan kaya kuwa kullum shi ne a ƙasa wurin ciniki.

Garuruwan sun wuce a kira su ƙauye, ba su kuma kai birni ba. Ƙidayar 2006, wadda har yau ita ce ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan, ta ba ƙaramar hukumar Kudan mutum kusan 139,000, Maƙarfi wajen 146,000, Ikara kuma sama da 190,000, kuma yaran da aka haifa a shekarar yanzu wasunsu na ɗakin miji. Hedikwatar Kudan a Hunƙuyi take, abin da kan rikita baƙo, ya taso daga Zariya ya dire garin Kudan yana neman sakatariya, a ce masa ai ya baro ta a baya. Yankin yana kusurwar da Kaduna ta haɗa iyaka da Kano da Katsina: ka wuce Kudan kaɗan ka faɗa Ɗanja, ta wancan gefen kuma ga Rogo. Babbar hanyar Zariya zuwa Kano ta bi ta Tashar Yari, inda ake karkata a shiga Maƙarfi. Akwai asibiti, akwai sakandare da kotu da gidan mai, akwai hakimai a ƙarƙashin masarautar Zazzau. Maƙarfi tana da kwalejin kimiyyar lafiya da aka sa wa sunan marigayi Sarki Shehu Idris, ta kuma fitar da gwamna, Ahmed Mohammed Maƙarfi, wanda ya riƙe jihar daga 1999 zuwa 2007.

Wanda Kaduna ko Kano ta gajiyar da shi zai so zaman nan. Kuɗin da zai kama maka ciki da falo a birni, a nan gida sukutum zai ba ka, har da wurin ɗaure awaki. Hatsi daga rumbu, kayan miya daga lambu, ba kuma mai ɓata awa biyu a cunkoso kafin ya buɗe shagonsa. Yaro ya ɓata, kafin magariba an riƙo hannunsa an kawo shi, don an san ɗan gidan wane ne. Sanayyar nan ita ce babban jarin ɗan kasuwar ƙaramin gari, ita ce kuma kan kai shi ƙasa.

Wani yayana mai shagon kayan masarufi ya taɓa buɗe mini littafinsa na bashi, irin littafin 'yan makarantar nan, gefensa duk ya yi baƙi da maiƙo. Babu cikakken suna ko ɗaya a ciki, sai "gidan liman", "malamin firamare", "matar mai faci", "Baba na kan kwana". A gaban kowanne an jera: taliya biyu, sabulu, magi, man gyaɗa kwalba guda. Na ce masa, "Yaya, wannan ai rabin shagon ne ke waje." Ya yi dariya ya ce, "Kai dai ɗan boko ne. In na hana wanda muka yi makarantar allo tare, da wane ido zan dube shi a sahu da asuba? Gobe kuma wa zai saya?" Malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma suna biya in an yi albashi, manoma kuwa sai kaka, ko in an sare rake. Shi kuma wanda ya ba shi sari a Sabon Garin Zariya ko a kasuwar Singa ta Kano bai san wata kaka ba. Mako biyu ne, in ya yi mutunci uku. Ashe shi ma mai shagon a rana yake, kamar kwandunan can.

Sai kuma Zariya, wadda ta yi kusa har kusancin ya zama abin magana. Daga Hunƙuyi zuwa Samaru ko Sabon Gari ba a cika awa guda ba. Rahama ce ranar da haihuwa ta zo da gardama aka nufi asibitin koyarwa na Shika, ko yaro ya sami gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello yana zuwa gida ɗibar garin tuwo duk ƙarshen mako. Amma tsaya a bakin hanya da safe ranar aiki, ka ga motoci da babura suna kwararowa daga Zariya ɗauke da ma'aikata, bayan azahar kuma su juya. Da yawa daga masu albashi mai ɗan tsoka can suka ajiye iyali, can 'ya'yansu ke makaranta, can suke ɗinki, can suke gyaran mota. Manomin da rake ya yi wa kyau bana, in zai sayi babur ko kwanon rufi ko kayan ɗakin 'yarsa, Zariya zai nufa ko Kano, don can zaɓi yake. In samun ya ƙaru, fili zai saya a Zariya. Ban ga laifinsa ba, ni ma da ni ne haka zan yi. Ta haka dai kuɗin ke yini a nan su je su kwana a wani wuri. Shi ya sa sana'ar da ke kafuwa a irin waɗannan garuruwa ita ce wadda ba a iya tafiya nesa nemanta: faci, walda, gyaran injin ban ruwa, niƙa, cajin waya, kemis, taki da maganin feshi, shayi da burodi. Wanda ya zo ya buɗe kantin atamfa mai gilashi da fanka, shekara guda ta ishe shi ya gane.

Masana sun daɗe da sa ido a kan wannan ƙasa. Tun 1922 Samaru take tashar binciken noma, kafin ta zama cibiyar IAR a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1966 zuwa 1967 wani masanin tattalin arziki, David Norman, da abokan aikinsa suka zaɓi ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka shekara suna bin magidanta suna rubuta kowane aiki da kowane kwabo. A lokacin, masu ilimin zamani na yi wa manominmu kallon wanda kansa bai waye ba, don yana cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Da aka buga lissafi sai ga shi manomin ya fi su gaskiya: gaurayen shuka ya fi ba shi amfani a kan ɗan filin da yake da shi, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Binciken ya kuma nuna cewa magidanta na ba wasu sana'o'in da ba noma ba kaso mai yawa na lokacinsu. Har gobe haka abin yake. Da wuya ka sami mai sana'a ɗaya a Kudan. Malamin makaranta yana da lambu, mai kemis yana turken raguna, direba yana ajiye masara, liman ma yana da 'yar gonar rakensa. Ɗan birni zai ce rashin tsayawa wuri ɗaya ne, alhali gero da dawa ne a gona guda.

In an ce Maƙarfi, rake ne ke fara zuwa bakin mutane. Yana cin kusan shekara a gona, yana shan ruwa da taki kamar ba gobe, da an sare shi kuma zaƙinsa ya kama raguwa. Sau da yawa tun yana tsaye ake sayar da shi: mai saye ya zo ya zaga gonar, ya karya kara ɗaya ya ɗanɗana, ya yi kiyasi, a yi cinikin gonar ɗungurungum. Manomin da bikin 'ya ya taso masa, ko mai taki ya matsa masa, yakan sallama tun raken bai gama nuna ba. Ranar Laraba, ranar kasuwar Maƙarfi, da sauran ranakun lodi, dami-dami ake ɗora wa manyan motoci zuwa birane na kusa da na nesa, kuma da yawa daga samarin da kake gani a Kano ko Abuja da baro da wuƙa suna feraye rake suna yanka shi gaɓa-gaɓa 'yan wannan yanki ne da suka tafi cin rani. Raken sha ne, mai taushi da ruwa, ba mai taurin nan da kamfanonin sukari ke nema ba. Don haka duk maganar da ake yi ta shirin sukari na ƙasa tun 2012, da kamfanonin sukari na su Numan da Bacita da Sunti, ba ta sauya komai a lissafin manomin Gazara ko Gubuci ba, ƙasar kuma har yanzu daga Burazil take sayo mafi yawan ɗanyen sukarin da ake tacewa a Legas.

Dabarar da mutanen nan suka daɗe da ita, wadda ke ba mai rake damar ya ja numfashi, ita ce mazarƙwaila. Tarihinta ma abin ji ne. Gab da yaƙin duniya na farko, 'yan mishan na CMS da ke tare da Dokta Walter Miller suka kafa wa mabiyansu wani zama a Gimi, a nan ƙasar Zazzau. Cikinsu akwai wani fasto baƙar fata, W. A. Thompson, mutumin yankin Karebiyan, ƙasar rake, shi ya kawo dabarar matse rake da dafa ruwansa har ya daskare. Ciwon barci ya watsa wancan zama, sana'ar kuwa ta zauna daram, ta bazu cikin ƙauyuka har aka manta daga inda ta fito.

Wanda bai taɓa zuwa wurin dahuwarta ba ya yi asarar kallo. Doki ne ɗaure da doguwar sanda yana zagaye, yaro na biye da shi da tsumagiya, wani a tsugune yana cusa rake tsakanin ƙarafan da ke juyawa, ruwa kore-kore yana tsiyaya cikin garwa. A wurare da yawa yanzu inji ya karɓi aikin dokin. A tace ruwan a juye a ƙaton kasko, wutar kuma da busasshiyar tuƙar raken ake hura ta, ba a sayen itace. Mai dahuwa na tsaye da doguwar ludayi yana kwashe kumfa, gumi na zuba, har ruwan ya yi kauri ya koma ja, ƙanshinsa ya cika fadama, ƙudan zuma su yi ta shawagi. Shi kaɗai ya san lokacin saukewa. Ya yi gaggawa ta ƙi daskarewa, ya yi jinkiri ta ƙone ta yi ɗaci. Sai a zuzzuba a ƙananan kwanoni a bar ta ta sha iska. Abin da zai bushe ya lalace cikin kwanaki ya koma abin da zai yi watanni a ɗaki. Mai mazarƙwaila in an taya bai yi masa ba ya ce albarka, kuma albarkar tasa ta zauna.

Gwamnati ma ta san da wannan tun tuni, sai dai ita ta fi son abu babba. A 1981 aka kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara. Ya shafe shekaru masu yawa a rufe, sai a 2014 aka damƙa shi ga kamfanin Springfield Agro don a farfaɗo da shi. Can gaba a hanyar Kano, a Kadawa, Ɗangote ya buɗe nasa a 2016, wanda aka gina don ya haɗiye tan 1,200 a yini. A shekarar ce kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, Tuta absoluta a bakin masana, ta yi wa lambuna dirar mikiya. Asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifaniya a 2006, daga nan ta tsallako Afirka. Cikin ganye take shiga ta yi rami inda feshi ba ya kai mata, gona kore shar ta koma kamar an babbaka ta cikin 'yan kwanaki. A watan Mayun 2016 sai da gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin Kadawa kuma ya tsaya don babu abin markaɗawa.

Ko babu tsutsa, akwai abin da ke hana auren manomi da kamfani zama lafiya. Lokacin da kaya suka cika, wajen Fabrairu da Maris, kowa so yake ya kai wa kamfani. Da kasuwa ta ɗaga, manomi ya ji abin da ake biya a Mile 12 ta Legas ya ninka na kamfani, sai ya manta da wata yarjejeniya, kuma wanda bashin taki ke wuyansa ba ka isa ka ce masa kada ya bi tsada ba. Shi kuwa kamfani injinsa kullum yake son ci, ga shi wata uku ko huɗu kawai ake samun kayan a shekara, ga yawancin irin da muka saba shukawa ruwa ya fi nama yawa a cikinsa, ga markaɗaɗɗen da ake shigo da shi cikin duro daga ƙasar Sin yana karya farashi. Ni dai na daina sa ran wata babbar masana'anta za ta zo ta sauke wa yankin nan wannan kaya.

Abin da ke aiki shi ne wanda ba a taɓa gayyatar gwamna ya buɗe ba, wato kauɗa. A tsakiyar rani za ka ga an tsaga tumatir biyu an shanya ja wur a kan fa, a gonakin da aka girbe, har gefen kwalta. Mata da yara ne ke yankan, ana biyansu kwando-kwando. Ƙura na hawa, awaki na bi ta kai, shi ya sa ba ta shiga manyan kantuna. Amma buhun kauɗar da aka ɗinke a Maris, in damina ta kankama ɗanye ya yi wuya, shi ke riƙe da tukunyar miyar Arewa, kuma a ranar mai buhu ne ke faɗin kuɗi. Sai dai bincika ka ji buhunan na wane ne. Galibi ba na manomin ba ne, na wanda ya saye a hannunsa ne ranar da kasuwa ta faɗi, mai ɗakin ajiya da kuɗin da ba ya bukatarsu gobe. Haka masara, haka waken suya: a saya da kaka, a fitar in rumbuna sun yi ƙasa. A cikin gidaje ma akwai gwanayen wannan lissafi, matan da ba sa fita amma kuɗin adashi da na awara da ƙuli-ƙuli suna komawa tiyoyin wake da barkono a ƙarƙashin gado. Magidanta nawa ne a wurin matansu suke rancen kuɗin taki? Ba dai za ka ji a majalisa ba.

Sau biyu a 'yan shekarun nan raunin ya fito fili. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta hana kai kaya Kudu. Kwanaki kaɗan aka yi, tumatir ya yi tsada a Legas, aka ce an ja wa Kudu kunne. A nan kuwa kwando ya koma abin da ko kuɗin tsinka ba ya biya. Mai shanu ya mayar da shanunsa garke ya ba su dusa, mai tumatir fa? Sai farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi suka ɓace daidai lokacin da lambu ke kan ganiyarsa. 'Yan tsinka da 'yan lodi a hannu ake sallamarsu da yamma, ba su san wata taransfa ba. Mai POS ya zama sarki, ana sayen naira da naira. Kaduna na cikin jihohi uku da suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, amma kafin nan an tafka asarar da babu mai biya. Ribar wahalar ɗaya ce, yanzu har mai shayi yana da lambar asusu manne a jikin teburinsa.

Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, injin ban ruwa ya koma cin kuɗi kamar majinyaci. Masu dabara suka juya shi ya koma aiki da tukunyar gas, masu hali suka sayi na sola, marasa ko ɗaya suka rage faɗin lambu. Wutar lantarki kuwa, a Oktoban 2024 da layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace aka yi fiye da mako cikin duhu, mutanen birni suka yi ta kuka. A ƙauyukanmu akwai waɗanda sai a rediyo suka ji wai an ɗauke. Inda babu wuta kuwa ba a maganar ɗakin sanyi.

Cikin wannan hali inabi ya shigo, har Kudan ta yi suna da shi, 'yan jarida na zuwa ɗaukar hoto, manya na ambatonta a jawabi. Na shiga wata gona na ga abin da idona: turaku a jere, an ja waya a sama, kuranga ta hau ta yi rumfa, nonnan 'ya'ya na reto a inuwa, sai ka rantse ba a ƙasar Hausa kake ba. Noman mai jari ne. Sai da rijiyar burtsatse, da shinge, da mai korar tsuntsaye, da gwanin da ya san lokacin datsa, don a ƙasa mai zafi kurangar ba ta samun sanyin da zai sa ta barci kamar a Turai, datsar ce ke gaya mata lokacin fure ya yi. Ba a kuma shuka shi yau a ci gobe. Abin sha'awa ne, ya ma sa wasu samari masu takardu sun waiwayi gona. Amma inabi ɗan'uwan tumatir ne wajen rashin haƙuri. Wanda ake shigo da shi daga Afirka ta Kudu da Masar cikin sanyi yake tafiya tun daga gona har kanti, namu kuwa a kwali yake hawa bayan mota. Yanzu da masu yin ba su da yawa, mai saye ne ke bin manomi har gona. Ranar da gonakin suka ninka, in ba a tanadi sanyi ko busarwa ko matsewa a yi abin sha ba, za a ga mai inabi shi ma yana takawa zuwa gindin mangwaro.

An gyara tagwayen hanyar Zariya zuwa Kano, tun 2021 ake aikin sabon layin dogo daga Kaduna zuwa Kano, bututun gas na AKK shi ma Kano ya nufa ta wannan tsakani. Duk alheri ne. Sai dai hanya mai kyau yadda take kawowa haka take kwashewa, kuma mun taɓa gani: tsohon layin dogon da ya isa Kano a 1911 ya bi ta Likoro da Gimi, ya yi shekara da shekaru yana jigilar gyaɗa da auduga, bai mayar da ko ɗayansu birni ba. Hanyar da ta fi ci wa manomi tuwo a ƙwarya ita ce 'yar guntuwar da ke tsakanin fadama da kwalta, wadda in ruwa ya sauka sai amalanken shanu. Wannan kuwa aikin ƙaramar hukuma ne. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. In kuɗin sun iso hannu, da za a tambaye ni, ba zan ce a sake fentin sakatariya ko a gina shaguna masu bene ba. A yi rumfa mai inuwa a wurin lodi, a yi dandamalin siminti mai tsafta na shanya, a kafa ɗakin sanyi mai sola da ƙungiyar manoma za ta riƙe tana karɓar haya kwando-kwando. Irin waɗannan ɗakuna suna aiki a wasu kasuwannin ƙasar nan, ba daga sama za a sauko da su ba. Aibinsu ɗaya, ba su da kyan hoto a allon kamfe.

Zuwana na baya-bayan nan a gidan wani kawuna na sauka. Bayan isha'i ya ɗauko tocila ya ce in biyo shi, ya buɗe wani ɗaki a bayan turken awaki. Mazarƙwaila ce jere cikin buhuna a kan katako, an ɗaga su daga ƙasa saboda danshi da tururuwa, ƙanshi ya cika ɗakin.

Na ce, "Kawu, ba ka sayar ba? Na ji an ce ta yi kuɗi."

Ya ce, "An zo an taya har sau biyu. Bari dai azumi ya matso, masu kunu su fara nema."

Ya ɓantaro mini wani ɓangare ya miƙo, ya ja ƙofa ya datse kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu.